Lofen kakana da na'urar katakon Turai: zare kan tarihin taba a ƙasar Hausa

1/ Wani ƙanena ya turo min hoton wata 'yar na'urar katako da ake sassaƙawa da hannu a Turai da Amurka. Wai ba ta ƙona ganye, turara shi kawai take yi. Ya ce, "Yaya, ka ga aikin hannu!" Na ce masa ai akwai kakarta a adakar gidanmu a Gaya. Ku biyo ni. 🧵

2/ Lofe nake nufi. Da yawanku ba ku taɓa ganinsa ba sai a fim. Na kakanmu ne, Allah Ya jiƙansa. Bayan rasuwarsa muka same shi naɗe cikin tsumma, tare da battar taba da ƙyastu. Har yau in ka kai shi hanci za ka ji warin.

3/ Abu ne ɗan ƙarami, amma masu sana'a huɗu ne suka taɓa shi. Mai ginin tukwane ya gina 'yar tukunyar da yumɓu. Masassaƙi ya fere sandar. Maƙeri ya huda ta da ƙarfe mai zafi daga wannan baki zuwa wancan. Baduku ya lulluɓe ta da jar fata, ya yi mata tuntu.

4/ Hudar nan ita ce wahalar. In ƙarfen ya ɗan karkace sai ya ɓullo ta gefe, itacen ya tashi a banza. Ba mamaki a samu gwanayen wannan a Gaya: labarin da aka gada ya ce Abagayawa, maƙeran da suka zauna gindin Dala neman tama, daga Gaya suka fito.

5/ To ita tabar daga ina? Ba tamu ba ce tun asali. Shukar nahiyar Amurka ce. Turawa ba su san ta ba sai bayan tafiyar Kolumbus a 1492. Jiragen ruwan Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma, fatake suka shigo da ita cikin ƙasa.

6/ Kafin ƙarshen ƙarni na 16 ta kai yankin Timbuktu, daga can ta haye Sahara zuwa Maroko. Nan take malamai suka rabu. A 1607 Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta risala yana halatta ta, wasu malaman kuma suka ce haramun ce. Wannan musun da kuke yi yau ya haura shekara 400.

7/ A 1824 Baturen nan Clapperton ya zo Kano. Ya rubuta cewa maza na shan taba sosai, ana kuma haɗa garinta da kanwa a zuba a baki, sannan ana rina haƙora da furenta. A 1851 Barth ya ga gonakin taba a tafiyarsa daga Katsina zuwa Kano.

8/ Wannan na fure na gani da idona. Kakata ta wajen uwa 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Ajingi. Ta goga fure, ta ɗora goro, haƙora su yi ja. A zamaninsu wannan shi ne kwalliya. Tabar ma a bayan gida take, kusa da kuɓewa da yakuwa.

9/ Har karin magana ta samu: taba ta bambanta da garin gero. Duk gari ne, amma ɗaya ake tuƙa tuwo da shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

10/ Yanzu kula da lofe. Mahaifina ya ce kowace safiya kakanmu sai ya zare sandar daga tukunyar, ya zura tsinke ya fito da baƙin maiƙon da ya taru, ya ƙwanƙwashe toka a tafin hannu. Ba a kan dutse ba, don yumɓu ba ya son faɗa.

11/ Ba a wanke sandar da ruwa, sai ta kumbura ta tsage. Da hunturu ya kama sai ya shafa mata man kaɗe, ita da fatar. Ba a bar shi a rana. Ba a ba da aronsa. Mutum ya ara maka jaki, amma lofe a'a.

12/ Abin da ya ba ni dariya: masu son na'urar katakon Turai kusan haka suke faɗa wa juna. Kada a jiƙa itacen, a shafa masa kakin zuma, a goge hanyar iska, a kauce wa zafin rana. Abin da tsoho ya sani a zaure ba tare da takarda ba.

13/ Me ya kashe lofe? Sigari. Ba sai ka noma ba, ba sai ka shanya ba, ba sai ka goge komai ba. Kamfanin taba na Najeriya ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959, manoma suka koma noma masa ganye. Tsofaffi na tuna Mai Basukur da Mai Zobe.

14/ Saurayin wancan lokaci ya ga kara a bakin ma'aikacin gwamnati da direban mota, sai lofe ya zama alamar ƙauyanci. Masassaƙi ya koma turmi da taɓarya da ƙotar fartanya. Wanda ya iya hudar ya mutu da iliminsa, ba wanda ya tambaye shi.

15/ Daga nan abin ya riƙa sauya riga. A 2003 wani masanin haɗa magani ɗan Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro sigarin lantarki irin na yanzu. Shisha ta cika wuraren shaƙatawa, har gwamnatin Kano ta haramta ta a 2021. Yanzu kuma ga na katako, mai kama da kayan gado.

16/ Yadda take aiki: bakin sigari na kaiwa zafin digiri 900 lokacin zuƙa, ita kuwa tana tsayawa wajen 200, ganyen ya yi tururi bai kama wuta ba. Da wannan ake tallarta. Hayaƙi ya ragu, gaskiya ne. Amma sinadarin da ke kama mutum ya hana shi bari, shi ne dai ke tashi a tururin.

17/ Kuma mu faɗa wa juna gaskiya: "busasshen ganye" da ake rubutawa a tallar, galibi wiwi ake nufi. A Najeriya laifi ne, NDLEA ba ta duba kyan katako. Binciken da aka yi da UNODC a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan, miliyan 10.6 wiwi.

18/ Ita kanta taba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara. Dokar 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta hana sayar da kara ɗaya-ɗaya. Ku leƙa teburin mai shayi na unguwarku ku gaya min.

19/ Ku koma kan lamba 10. Baƙin maiƙon da kakanmu ke fitarwa da tsinke kullum, wanda ya maƙale a sanda ke nan. Sauran ina ya tafi? Ƙirjinsa. Can kuwa babu tsinken da ke kaiwa.

20/ Ya bar shan taba lokacin da ya karɓi wuridin Tijjaniyya, don ɗarikar ta hana. Amma tarin bai bar shi ba. Ina yaro, da tarinsa muke gane asuba ta yi kafin ladan ya kira. Lofen kuwa ya ƙi jefarwa, ya ce amininsa ne ya sassaƙa masa.

21/ Don haka na ce wa ƙanena: in aikin hannun ne ya burge ka, ina tare da kai. Je ka rumfar masassaƙa ranar kasuwa, ka zauna, ka ga yadda gizago ke cin ƙirya. Ka sayi akushi ko ludayi, ka biya ba tare da ka karya musu farashi ba.

22/ In kuwa abin da ake zubawa ciki ne ke jan ka, katako bai canza shi ba. Taba ta bambanta da garin gero, ko a akushin Sarki aka zuba ta.

23/ Lofen yana wajena yanzu. Duk hunturu ina shafa masa man kaɗe kamar yadda mai shi ke yi, amma ba a sake sa masa wuta ba.

24/ Roƙona: in akwai lofe, batta ko ƙyastu a gidanku, kada ku bari a zubar. Ku ɗauki hoto ku ajiye a ƙarƙashin zaren nan, ku tambayi tsofaffi wa ya yi shi, da wane itace. Mutanen Gaya, Ajingi, Albasu da Wudil, ina jiranku. Allah Ya jiƙan magabata, Ya shirya mana zuri'a.