Wutar da aka ce za a kashe tun 1984

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Warri zuwa Ughelli da daddare ya san wutar da nake nufi, wadda ke ci a bakin bututu ba dare ba rana, har sama ta yi ja. Ni a unguwar Hausawa ta Igbudu aka haife ni. Ina yaro, in mun fita da Baba tarbar motar albasa, na ɗauka gobara ce, sai ya ce mini a'a, haka ya same ta ranar da ya fara zuwa garin nan.

Abin da ya sa na ɗauko zancenta shi ne alƙawarin da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi a taron sauyin yanayi na Gilasgo a watan Nuwamba na 2021, cewa nan da 2060 Nijeriya za ta kai matsayin da hayaƙin da take fitarwa mai ɗumama duniya bai wuce wanda dazuzzuka da sauran dabaru za su shanye ba. A watan ne kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Magana ce mai daɗin ji. To amma ni ɗan ɗan kasuwa ne, in mutum ya zo karɓar kaya bashi ya yanka ranar biya, littafin Baba muke fara buɗewa mu ga yadda ya yi da ranakun baya.

An samu mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Ɗanyen mai ba ya fitowa shi kaɗai, tare da iskar gas yake tasowa, kuma a lokacin babu mai sayen gas ɗin, don haka sai a banka masa wuta. Abin da ya ƙone ya zama iskar kabon, wanda bai ƙone ba ya tashi a matsayin metan, wadda ta fi kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba. A 1979 gwamnatin soja ta Obasanjo ta yi doka cewa daga 1 ga Janairu 1984 an daina. Ranar ta zo ta wuce, sai aka koma ba da izini da cin tara: kobo 2 a kan kowace ƙafa dubu ta gas, wato ma'aunin da ake auna shi da shi. Kobo biyu fa! A 1990 ta koma kobo 50, a 1998 naira 10. Don Allah wane ɗan kasuwa ne zai kashe miliyoyi ya shimfiɗa bututu alhali tarar ba ta kai kuɗin ƙosai ba?

Daga nan aka sa 2008, aka sa 2020, sannan aka koma 2030. A tsakani, cikin Nuwamba 2005, wani mutumin Iwherekan, nan kusa da mu a jihar Delta, mai suna Jonah Gbemre, ya yi nasara a babbar kotun tarayya da ke Benin, inda aka yanke cewa ƙona gas tauye haƙƙin rayuwa ne. Hukunci ya fita, wuta ba ta mutu ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, an samu ragi, kuma ba kaɗan ba: kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 2000 da 2020. A ganina ba tsoron doka ne ya kawo shi ba. A 1999 masana'antar Bonny ta fara loda gas a jiragen ruwa zuwa ƙasashen waje, tashoshin lantarki ma suka shiga saye, abin da ake zubarwa ya zama haja. Tarar kuwa sai a 2018 ta yi haƙora, da aka mayar da ita dala 2 ga manyan kamfanoni. Duk da haka muna nan cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a duniya.

Shirin da gwamnati ta ƙaddamar a Agusta 2022 ya ce cika alƙawarin 2060 na buƙatar ƙarin kusan dala biliyan 10 duk shekara, kuma da yawansa daga waje ake sa ran samu. A cikinsa har da raba gidaje da girkin itace da gawayi. Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye, domin wasunmu sana'arsu ke nan, kuma kowa ya san yadda daji ya yi baya a garuruwanmu na asali.

Innata ta ajiye tukunyar gas ɗinta a ƙarƙashin gado tun da cika ta ya gagara, ta koma kurfoti. Ran nan da muka dawo daga Ughelli na nuna mata matan da ke shanya rogo a gefen wutar nan don ya bushe da wuri. Ta daɗe tana kallo ta tagar mota, sannan ta tambaye ni ko tukunya nawa wannan za ta cika a rana.