Aikin Mata Da Ba A Ƙirgawa

'Yan uwa mata, sau da yawa za ki ji a rediyo ana cewa matan Arewa ba sa aiki, zaman gida kawai suke yi. To, tun da muna bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, bari mu waiwaya mu ga inda maganar ta samo asali.

Kakanninmu suna cikin kulle, amma hannunsu bai taɓa zama ba. Su ne masu kaɗin auduga da mazari, su sayar wa masaƙa zare, a saƙa, a rina a marinar Kano, fatake su kai har bayan Sahara. Da yadin masana'anta ya cika kasuwa, kaɗi ya mutu, sai mata suka ƙara ƙarfi a man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, fura, daddawa da ɗinkin hula. Duk a tsakar gida ake yi, yara ke kai talla. Mai ƙidaya kuwa a zaure yake tsayawa, ya tambayi maigida, a rubuta "matar aure". Shi ke nan, sana'a ta ɓace a takarda.

Ga kuma rashin murya. Matan kudu sun fara jefa ƙuri'a tun shekarun 1950, mu kuwa sai 1976 aka ba mu dama, babban zaɓenmu na farko shi ne na 1979. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU a Zariya ta sha ɗauri a kan wannan fafutuka. Wadda ba ta da ƙuri'a, wa zai tuna da ita ranar rabon kasafi?

Daga baya shirye-shirye suka yi ta zuwa. A 1987 Maryam Babangida ta kawo Better Life domin matan karkara, aka raba injinan niƙa, aka buɗe cibiyoyin koyon sana'a, aka ce mata su haɗu a ƙungiyoyi. A 1994 Maryam Abacha ta kawo nata na tallafa wa iyali, a 1995 aka kafa ma'aikatar mata ta tarayya, a 1997 aka fito da FEAP mai ba ƙungiyoyi rance. A 2018 ga TraderMoni da naira 10,000. An amfana, ba ƙarya. Amma yawancinsu da gwamnati ta sauka sai su bi ta.

Abin da ya daɗe shi ne wanda ya shiga hannunmu: adashe da karatu. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, har yau ana ajin yaƙi da jahilci. Ni sai da na haura arba'in na iya rubuta sunan mai bashi a littafi, kuma tun daga ranar jarina ya daina zurarewa.

Saura maganar talla. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro ya yi shekara 9 a makaranta kyauta, amma 'ya'yanmu mata suna rana da faranti a ka. In sun taso babu karatu, su ma ba za a ƙirga su ba. Don haka ina roƙon mu tattauna buɗe rumfa ɗaya ta ƙungiya a taro mai zuwa, mu riƙa kai kayanmu can, yara su tafi aji. Kowace mamba kuma ta riƙe littafin ciniki. Allah Ya ƙara mana haɗin kai, amin.