Wuƙar Maƙera: Ire-iren Ƙarfen Wuƙar Girki da Ta Farauta da Yadda Ake Gane Mai Kyau

Babu gidan manomi da ke rabuwa da wuƙa. Da ita ake yanka kaza, a feɗe akuya, a fere rogo, a yanka kuɓewa a shanya, a gyara dawon dasawa. Mafarauci ma ba ya shiga daji sai da tasa a kube. Amma sau da yawa mutum kan sayi wuƙa mai ƙyalli a kasuwa, kafin sati biyu ta dakushe, ko ta yi giɓi a kan ƙashi, ko ta karye daga gindin ƙota. Abu biyu ne ke haddasa haka: irin ƙarfen da aka ƙera ta da shi, da kuma yadda maƙeri ya ba ta wuta. Wanda ya san waɗannan biyun ba a cika cutarsa a wajen sayen wuƙa ba.

Me ke sa ƙarfe ya riƙe kaifi?

Zallar baƙin ƙarfe yana da laushi, ko an wasa shi bakinsa naɗewa yake yi. Abin da ke ba shi tauri shi ne ɗan sinadarin kabon da ke cikinsa, wato sinadarin da ya fi yawa a jikin gawayi. Ƙarfen wuƙa na gari yakan ƙunshi kabon daga kashi 0.5 zuwa kashi 1 cikin 100 ko sama da haka kaɗan. Idan ya gaza kashi 0.3, to ko yaya aka ba shi wuta ba zai yi taurin kirki ba.

Ga ƙa'idar da ya kamata a riƙe: gwargwadon yawan kabon, gwargwadon taurin da ƙarfe zai iya yi, kuma gwargwadon saurin tsagewarsa idan ya sha duka. Ƙarfe mai matsakaicin kabon ya fi jure sara, mai yawan kabon kuma ya fi daɗewa da kaifi. Shi ya sa aikin da za a yi da wuƙa ne ke zaɓar mata ƙarfe.

Ƙarafan da maƙeranmu ke amfani da su

A da maƙera tama ake narka musu. Yanzu kuwa yawanci tsofaffin ƙarafa suke saye a wajen 'yan gwangwan su sarrafa. Ka tambayi maƙeri da me ya ƙera wuƙar, domin amsarsa rabin saninka ce.

Sifirin mota. Shi ne ya fi yawa a maƙera. Da yawa daga ciki irin ƙarfen da masana'antu ke kira 5160 ne ko danginsa, mai kabon wajen kashi 0.6. Yana da juriya ƙwarai, yana lanƙwasa ya dawo, ba ya saurin karyewa. Ya dace da wuƙar farauta, wuƙar fawa, adda da gatari. Aibinsa ɗaya: sifirin da ya daɗe yana ɗaukar kaya yakan yi ƙananan tsaga da ido ba ya gani sai bayan an ƙera.

Tsohon magagari. Kabon ɗinsa yakan kai kashi 1 ko fiye. Wuƙar da aka yi da shi tana yin kaifi kamar aska, tana kuma daɗewa ba a wasa ba. Ta dace da fiɗa da yankan nama mara ƙashi. Kar a sari ƙashi da ita, kar a ɓanɓari murfin gwangwani da tsininta. A kula kuma, wasu magagarai masu araha bayansu kawai aka taurara, cikinsu ƙarfe ne mai laushi, ba sa yin wuƙa.

Boris. Zoben boris na mota ko na injin niƙa yawanci ƙarfen 52100 ne, mai kabon wajen kashi 1 da kuromiyam wajen kashi 1.5. Yana yin wuƙar girki mai kyau sosai, sai dai yana da wuyar bugu, kuma sai gwanin maƙeri ke iya ba shi wuta daidai.

Tsohon zarto. Ruwan babban zarton katako yana da sirantaka da juriya, yana yin wuƙar yanka albasa, tumatir da ganye. Amma zarton da aka manna wa haƙora na wani ƙarfe daban, jikinsa ba lallai ne ya yi tauri ba.

Rodi. Rodin gini kabon ɗinsa kaɗan ne, kuma haɗinsa ba shi da tabbas. Ana iya yin ƙugiya ko turke da shi, amma wuƙar rodi kullum cikin wasa take. Haka nan bututu da faranti masu farin shafi na zin: ba sa tauri, kuma hayaƙinsu a wuta yana sa maƙeri zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Ƙarfe mara tsatsa

Wannan shi ne farin ƙarfen da ake kira silba a kasuwa, irin na yawancin wuƙaƙen kanti. Abin da ke hana shi tsatsa kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Wani masanin ƙarafa mai suna Harry Brearley ne ya haɗa irinsa na yin wuƙa a garin Shefil na Ingila a 1913.

Shi ma iri-iri ne. Mai lamba 420 shi ne na wuƙaƙe masu araha: ba ya tsatsa, yana da sauƙin wasawa, amma yana saurin dakushewa. Mai lamba 440C kabon ɗinsa ya kai wajen kashi 1, ya fi riƙe kaifi nesa ba kusa ba. Wuƙaƙen girki na Jamus da yawa an rubuta musu X50CrMoV15, mai kabon wajen kashi 0.5 da kuromiyam kashi 15. Akwai kuma D2 da ake gani a wuƙaƙen farauta na waje, mai tauri ƙwarai amma mai wahalar wasawa a dutsen gida.

Taurara irin wannan ƙarfe yana buƙatar zafin da ya wuce digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyos, a tanda mai daidaita zafi. Wutar gawayi da zuga-zugi ba ta cika ba da wannan daidaito ba. Don haka idan aka nuna maka wuƙar silba aka ce a maƙerar gari aka yi ta, ka gwada ta sosai kafin ka biya.

Ba wa wuƙa wuta

A nan ne ake gane maƙeri. Ko sifirin da ya fi kowane kyau, idan aka kuskure wutarsa, ya zama asara. Aikin hawa biyu ne.

Na farko, taurarawa. Ana sa ruwan wuƙa a wuta har ya yi ja bai ɗaya. Alama mai sauƙi ita ce mayen ƙarfe: idan zafi ya kai wajen digiri 770, mayen ƙarfe ya daina kama shi. Sai a ƙara masa zafi kaɗan, a tsoma shi nan take a cikin mai. Man gyaɗa mai ɗan ɗumi yana yi. Ruwan sanyi yana sanyaya ƙarfe da sauri fiye da kima, shi ya sa sifiri da boris kan tsage a cikinsa. Baƙin mai kuwa hayaƙinsa yana da illa, bai kamata ya kusanci wuƙar abinci ba. Idan maƙeri ya bar ƙarfe a wuta har ya yi rawaya yana tartsatsi, ya ƙona shi, bakin wuƙar zai riƙa marmashewa.

Na biyu, sassautawa. Wuƙar da ta fito daga mai tana da tauri kamar gilashi, idan ta faɗi tana iya karyewa. Sai a goge ta ta yi fari, a sake ɗumama ta a hankali ana kallon launinta. Launin kara busasshe yana fitowa a wajen digiri 200 zuwa 230, shi ne daidai bakin wuƙa. Ruwan ƙasa ya ɗan fi laushi, ya dace da wuƙar sara. Shuɗi yana fitowa wajen digiri 300, wannan ya yi wa bakin wuƙa laushi da yawa. Gwanayen maƙera kan bar bayan wuƙa ya yi shuɗi, bakin ya tsaya a launin kara, sai a samu juriya da kaifi a wuƙa ɗaya. Maƙerin da ke gaggawa shi ke tsallake wannan hawa na biyu.

Wuƙar girki da ta farauta

Wuƙar girki siririya ake so, kaurin bayanta wajen milimita 2, domin ta ratsa albasa da nama ba tare da dannawa ba. Ana wasa ta a kwance, wajen digiri 15 zuwa 20 kowane gefe.

Wuƙar farauta kuwa tana haɗuwa da gaɓa, ƙashi, itace da igiya. Ana son kaurinta milimita 3 zuwa 5, a wasa ta wajen digiri 20 zuwa 25. Ta fiɗa a ba ta ciki mai lanƙwasa domin kar tsini ya huda fata, tunda fatar da ta huje ta rage kuɗi a wajen masu saye. Ƙarfenta ya shige cikin ƙota har ƙarshe, kuma a yi mata ɗan tudu da zai tare yatsa idan hannu ya yi santsi da jini.

Gwaji kafin biya

Ka goga magagari a bakin wuƙar a hankali. Idan ya zame, ta yi tauri. Idan ya ci ta kamar sabulu, ba ta sha wuta daidai ba.

Ka yanki busasshen itace mai tauri sau da yawa, sannan ka duba bakin a rana. Naɗewa alamar laushi ce, giɓi kuma alamar ba a sassauta ta ba.

Ka duba ruwan wuƙar daga gindi zuwa tsini ko akwai siririn layi na tsaga, musamman kusa da ƙota.

Ka jijjiga ƙota. Idan tana motsi ko akwai rami tsakaninta da ƙarfe, jini da ruwan nama za su taru a wurin, ga tsatsa ga cuta.

Idan akwai injin wasa kusa, a ɗan taɓa ƙarfen. Tartsatsi mai rassa da yawa yana nuna kabon da yawa, dogon tartsatsi mara rassa kuwa irin na rodi ne.

Kula da wuƙa

Wuƙar maƙera tana tsatsa, wannan ɗabi'arta ce. A wanke ta da an gama aiki, a goge ta bushe, a shafa mata ɗan man gyaɗa ko man kaɗe. Baƙi-baƙin da take yi bayan yankan tumatir ko lemun tsami ba matsala ba ne, yana ma rage mata tsatsa. Jar tsatsa ce ake gogewa da toka ko yashi mai laushi. Kar a ajiye ta da daɗewa a kuben fata lokacin damina, domin fata tana riƙe danshi.

Wajen masu wasa da inji, a riƙa tsoma ta a ruwa. Da zarar bakin ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi, sai an cinye wurin gaba ɗaya. A ware wuƙar ɗanyen nama da ta naman daji daban da wadda ake yanka kayan lambun da za a ci ɗanye.

Ga ƙungiyoyin manoma

Ƙungiyar da za ta yi odar wuƙaƙe da yawa, ta masu fere rogo ce ko ta masu busar da tumatir, kar ta biya duka a karon farko. A sa maƙeri ya yi guda biyu ko uku, a ba mambobi su yi aiki da su na sati biyu. In sun yi, a yi yarjejeniya a kan irin ƙarfe, tsawo, kauri da ƙota, a kuma ajiye guda ɗaya a matsayin abin kwatance ranar karɓar kaya. Ƙungiya tana iya sayen sifiri mai kyau da kanta ta kai wa maƙeri, ta biya kuɗin aiki kawai. A kuma yi magana tun farko cewa duk wadda ta tsage ko ta karye cikin wata ɗaya a aikin da aka yi ta dominsa, maƙeri zai canza ta.