Hasashen Sakamakon Tiyatar Facin Dodon Kunne: Nazari a kan Ma'aunin MERI

Tsakure

Maƙalar ta auna ma'aunin MERI, mai ƙiyasta haɗarin cutar tsakiyar kunne, da abin da aka wallafa game da tiyatar facin dodon kunne. Ta nuna cewa rufewar huji da dawowar ji sakamako biyu ne mabambanta, kuma kowanne yana buƙatar nasa hasashen.

Gabatarwa

A rahotonta na 2004, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 65 zuwa 330 ke fama da daɗaɗɗen ciwon kunne mai zubar da mugunya, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari nasu jinsu ya ragu sosai. Tun a shekarun 1950 Wullstein da Zöllner suka aza harsashin tiyatar facin dodon kunne a Jamus, amma tambayar majiyyaci ba ta sauya ba: idan an yi, zan ji?

Hanyar Nazari

An ɗauki abubuwan da Kartush ya gina ma'aunin a kansu a 1994, da gyaran da shi da Becvarovski suka yi a 2001, aka kwatanta su da nazarin Tan da abokan aikinsa na 2016, wanda ya tattaro bincike 214.

Sakamako

Ma'aunin yana ba da maki ga zubar mugunya, da huji, da tarin matacciyar fata mai cin ƙashi, da halin ƙananan ƙasusuwan ji, da tsiron nama ko ruwa a tsakiyar kunne, da tiyatar baya, da shan taba. Maki 1 zuwa 3 haɗari kaɗan ne, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa sama mai tsanani.

A nazarin 2016, hujin ya rufe a kashi 86.6 cikin ɗari. Nasarar ta fi yawa a manya fiye da yara, ta ragu idan hujin ya wuce rabin dodon kunne, kuma facin guringuntsi ya ɗan fi na tantanin tsoka kamawa. Shekarun majiyyaci da girman huji da nau'in faci duk ba sa cikin ma'aunin.

Tattaunawa

Ke nan ma'aunin ya fi karkata ga lafiyar tsakiyar kunne, wadda ita ke yanke hukuncin ji. Faci na iya kamawa sarai, amma idan cuta ta cinye ƙashin tsakiya, sauti ba zai isa kunnen ciki yadda ya kamata ba. Shi ya sa ake auna nasarar ji daban: tazarar ji ta iska da ta ƙashi kada ta haura desibel 20.

Kammalawa

Haƙƙin majiyyaci ne a gaya masa hasashe biyu kafin ya sa hannu: yiwuwar huji ya rufe, da yiwuwar ji ya ƙaru. Cibiyoyi irin su Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna za su amfana da rubuta makin kowane majiyyaci tare da bibiyarsa fiye da shekara guda, domin a gwada ma'aunin a kan mutanenmu.