Garatu da Kujerar Bosso a Majalisar Dokokin Jihar Neja: Waiwaye Kan Tarihin Mazaɓa

1.0 Gabatarwa

Garatu gari ne na manoma da ke kan hanyar Minna zuwa Bida, wanda ya yi suna wajen cinikin doya. Asalin mazaunansa Gbagyi ne, wato Gwari, sai kuma Nufawa da Hausawa da Fulani da noma da fatauci suka kawo. Yana ɗaya daga cikin gundumomi 10 na ƙaramar hukumar Bosso mai hedikwata a Maikunkele, waɗanda dukkansu mutum ɗaya ke wakilta a Majalisar Dokokin Jihar Neja. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda wannan kujera ta samo asali, domin a nuna cewa hanyar jefa ƙuri'a ta yi ta sauyawa tana inganta, alhali rabon kujerun ya tsaya cik tun 1996.

2.0 Zamanin En'e da Jamhuriya ta Farko

A zamanin Turawa, ƙasar Bosso tana cikin Lardin Neja wanda Minna ce hedikwatarsa. Zaɓen farko na Majalisar Dokokin Jihar Arewa, wanda aka yi a 1951 a ƙarƙashin tsarin mulkin Macpherson, zaɓe ne mai hawa-hawa. Masu biyan haraji a ƙauye su zaɓi wakilai, waɗannan su zaɓi na gunduma, a haka har a kai matakin lardi. A matakin ƙarshe kuwa an ba En'e damar saka nata mutane. Saboda haka kafin muryar manomi ta isa Kaduna, ta riga ta bi ta hannun dagaci da hakimi da ma'aikatan En'e.

A zaɓen tarayya na 1959 da na Majalisar Jihar Arewa na 1961 an jefa ƙuri'a kai tsaye a cikin akwati, sai dai maza kaɗai aka yarje wa. Matan Arewa, waɗanda a ƙasar Gbagyi su ne ƙashin bayan ɗaukar amfanin gona zuwa kasuwa, ba su da ta cewa. Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya rushe majalisar baki ɗaya. A 1967 kuma aka saka Lardin Neja cikin Jihar Arewa Maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, jihar da har ta zo ta wuce ba ta ga zaɓaɓɓiyar majalisa ba.

3.0 Sabuwar Jiha da Jamhuriya ta Biyu

Ranar 3 ga Fabrairu, 1976 Janar Murtala Muhammad ya ba da sanarwar ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama babban birni. Jihar ta fara da ƙananan hukumomi 8, ƙasar Bosso tana cikin ta Chanchaga. A wannan shekarar ce aka buɗe wa matan Arewa ƙofar zaɓe.

Tsarin mulkin 1979 ya ce kujerun majalisar jiha su zama ninki uku na kujerun da jihar ke da su a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Da yake Neja tana da 10, sai majalisarta ta farko ta samu kujeru 30. Jam'iyyar NPN ce ta kwashe mafi yawansu, Alhaji Awwal Ibrahim, wanda daga baya ya zama Sarkin Suleja, ya zama gwamna. An sake zaɓe a 1983, amma sabuwar majalisar ba ta wuce wata uku ba sojoji suka kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba.

4.0 Zaɓe a Hannun Soja

Abin lura a nan shi ne, mutane biyu da suka fi tasiri kan makomar ƙuri'ar Garatu a shekarun 1990 duka 'yan Minna ne. A zamanin Janar Ibrahim Babangida aka yi sauye-sauyen 1991, inda Borgu ta dawo Neja daga Kwara, ƙananan hukumomin jihar suka kai 19, Bosso tana cikinsu da cin gashin kanta. Ranar 14 ga Disamba, 1991 aka zaɓi gwamnoni da 'yan majalisun jihohi tsakanin jam'iyyu biyu da gwamnati ta kafa, SDP da NRC. Dakta Musa Inuwa na NRC ne ya ci kujerar gwamna. Tsarin lokacin ya ba kowace ƙaramar hukuma kujeru biyu a majalisar jiha.

Zaɓen na 1991 na bin layi ne: mai zaɓe ya tsaya a bayan hoton ɗan takara a ƙirga shi a bainar jama'a. Wannan ya rage cusa ƙuri'un jabu, amma a ƙauye inda kowa ya san kowa, tsayuwa a layin da mai gari ko suruki ba ya so ba ƙaramar jarunta ba ce. Janar Sani Abacha ya rushe wannan majalisa ranar 17 ga Nuwamba, 1993. A 1996 ya ƙara wa Neja ƙananan hukumomi 6 suka zama 25, aka kuma shata sababbin mazaɓu. An yi zaɓen majalisun jihohi a Disamba 1997, amma waɗanda suka ci ba su taɓa zama a zauren ba, domin bayan rasuwar Abacha a Yuni 1998 Janar Abdulsalami Abubakar ya soke shirin, ya tsara wanda ya kai ga zaɓen 9 ga Janairu, 1999.

5.0 Jamhuriya ta Huɗu

Daga 1999 aka shiga zango mafi tsawo ba tare da katsewa ba, an yi zaɓen majalisa sau bakwai zuwa 2023. PDP ta riƙe jihar a zamanin Injiniya Abdulƙadir Kure da Dakta Mu'azu Babangida Aliyu. A 2015 guguwar canji ta ba APC mulki, Abubakar Sani Bello ya hau, Muhammad Umaru Bago ya gaje shi a 2023. A majalisar 2019 zuwa 2023 Malik Madaki Bosso ne ya riƙe kujerar Bosso. Ta fuskar gudanarwa an samu ci gaba: na'urar tantance katin zaɓe a 2015, ƙarin rumfunan zaɓe a 2021, da na'urar BVAS a 2023.

Sai dai sashe na 91 na tsarin mulkin 1999 ya ce kujerun majalisar jiha su zama ninki uku ko huɗu na kujerunta a Majalisar Wakilai, kada su gaza 24 ko su wuce 40, kuma a raba su daidai da yawan jama'a gwargwadon iko. Neja tana da wakilai 10, don haka lissafi ya nuna 30 a ƙalla, amma 27 take da su. Kowace ƙaramar hukuma kujera ɗaya, ban da Bida da Kontagora masu bibbiyu. Ƙidayar 2006 ta ba Bosso mutum sama da 147,000 da kujera ɗaya, ta ba Kontagora kimanin 152,000 da kujeru biyu, Agwara kuwa mai kimanin 57,000 tana da ɗaya. Akwai ma waɗanda suka fi Bosso cutuwa, kamar Shiroro da Mokwa. Sashe na 114 ya ɗora wa hukumar zaɓe alhakin sake duba iyakokin mazaɓun jiha lokaci-lokaci, amma taswirar 1996 ce ake amfani da ita.

6.0 Kammalawa

Tun daga lokacin da aka shata wannan taswira Minna ta cika ta batse zuwa cikin ƙasar Bosso. Maitumbi da garin Bosso sun haɗe da birni, mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano ya jawo ɗalibai da ma'aikata zuwa hanyar Bida, filayen noma suna komawa fulotai. Ɗan majalisa ɗaya ne ake so ya saurari ma'aikacin birni mai kukan ruwan famfo da magudana, ya kuma saurari manomin Garatu da Beji da Kodo mai kukan taki da hanya da gonar gado. Tun da ƙuri'un unguwannin birni a dunƙule suke, kuma sun fi sauƙin nema, haɗarin shi ne a riƙa tuna ƙauye ranar yaƙin neman zaɓe kawai. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Mutumin Garatu ya samu 'yancin jefa ƙuri'a a asirce, matarsa ma ta samu. Abin da ya rage shi ne ƙuri'ar ta yi nauyi daidai da ta maƙwabcinsa, kuma hakan ba zai samu ba sai an cika sharaɗin tsarin mulki an sake rabon kujeru.