Yadda Labarin Mai Kisan Kai Ya Shiga Kiɗan Rok

'Yan'uwa, da yawanmu in muka ji kiɗan Turawan nan mai ƙara da ake kira rok, sai mu ce hayaniya ce kawai. To, ba duka ba.

A shekarar 1843 wani marubucin Amurka, Edgar Allan Poe, ya buga gajeren labari, "The Tell-Tale Heart". Wani mutum ne ya kashe tsohon da suke gida ɗaya don kawai ya tsani idonsa, ya ɓoye gawar ƙarƙashin katakon ɗaki. 'Yan sanda suka zo, ba su ga komai ba. Shi kuwa sai ya riƙa jin bugun zuciyar mamacin, har ya tona asirin kansa.

A 1976 ƙungiyar Alan Parsons Project ta Ingila ta mai da labarin waƙa. Arthur Brown ne ya rera ta, yana kurma ihu kamar mai taɓin hankali, ganga na dukan kunne tamkar zuciyar nan.

Haka kuma a 1984 Iron Maiden suka ɗauko waƙar Coleridge ta 1798, ta ma'aikacin jirgin ruwan da ya harbe tsuntsu ba gaira ba dalili. Abokan tafiyarsa duka suka mutu, shi aka bar shi da nadama.

Ashe dai ko a Turai, alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.