Tarihin Zugazugin Motar Haidirojin

Masu ba da labarin motar da ke tafiya da iskar haidirojin sukan faro shi daga William Grove, lauyan nan na Birtaniya wanda a shekarar 1839 ya nuna cewa in haidirojin da oksijin suka gamu bisa ƙarfen filatinam, wutar lantarki za ta fito, ba abin da zai saura illa ruwa; amma ba safai sukan ambaci na'urar da ke shayar da batirin da ke aiki da wannan hikima iska ba, alhali kuwa a kanta wahala mai yawa ta taru.

Magabata kauce wa al'amarin suka yi. Kumbon Apollo da guzurin oksijinsa ya tafi, haka kuma Electrovan, motar da General Motors ya jarraba a 1966, ta ɗauki tankunan haidirojin da oksijin da aka sanyaya har suka zama ruwa, kayan suka cinye cikinta, mutum biyu kaɗai ke samun wurin zama. Wanda ke nufin sayar wa jama'a mota kuwa, tilas ya ɗebo oksijin daga iskar da muke shaƙa, wadda kashi 21 cikin ɗari ne kaɗai rabonsa a cikinta, saboda haka sai an matsa ta an tura da ƙarfi, kamar yadda wutar maƙeri ba ta ci sai da zugazugi. Sharuɗɗan kuwa masu tsanani ne, domin ɗigon man inji in ya bi iskar yakan ɓata filatinam, sa'an nan na'urar daga cikin lantarkin da batirin ya samar take cin abincinta.

Abin da ya fi burge ni shi ne, sa'ad da Toyota ya fito da motar Mirai a 2014, hikimar da ya dogara da ita wajen tura iska ta 'yan'uwan nan biyu ce, Philander da Francis Roots na jihar Indiyana a Amurka, waɗanda suka yi rajistarta a 1860, aka daɗe ana hura tanderun narka ƙarfe da ita. A 2016 Honda Clarity ta zo da na'urar kamfanin Garrett mai farfela, wadda sandarta ke juyawa bisa matashin iska, ba ta bukatar mai ko kaɗan, kuma a 2020 Mirai ta biyu ita ma ta koma ga farfela.